Wane Fallen Alminiyom Ya Dace da Bodin Motar Kat ta Haɗin Gida?

Wanda ya gama walda ƙashin motarsa ta kat, wato ƙaramar motar nan ta tsere mai kujera ɗaya, yakan ɗauka cewa bodi aikin yini guda ne. A nan ne ake yawan asarar kuɗi, domin fallen alminiyom guda biyu za su iya zama kamar an tsaga kara a ido, amma ɗaya ya bi hannu salin-alin, ɗayan kuma ya tsage tun a lanƙwasar farko. Ga wanda ba shi da injin lanƙwasa ko injin murza ƙarfe, zaɓin fallen shi ne rabin aikin, kuma a wurin saye ake yin sa.

Ana bambanta alminiyom da lamba mai alƙaluma huɗu. Mai lamba 1050 ko 1100 kusan zalla ne, tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin 100 ko fiye, shi ya sa ya fi kowanne laushi da sauƙin bugu, sai dai ɗan dutse kaɗan zai lotsa shi. Mai lamba 3003 an gauraya shi da ɗan manganis, abin da ya ɗara kashi 1 cikin 100 da kaɗan, don haka ya fi zallan ƙarfi ba tare da ya rasa laushinsa ba, kuma shi masu bugun bodin mota da hannu suka daɗe suna so. Mai lamba 5052 yana da magnesiyom kimanin kashi 2.5 cikin 100. Ya fi su juriya ga jijjiga da ruwa, yana karɓar lanƙwasa miƙaƙƙiya, amma yana saurin taurara a ƙarƙashin guduma. Wanda nake jan kunnen mai saye a kansa shi ne 6061-T6. Sunansa ya yi fice saboda ƙarfinsa, kuma hakan ke ruɗin mutane, alhali an gasa shi ne don ya yi tauri, in aka karya masa kusurwa mai kaifi sai ya dare a kan layin.

Bayan lambar akwai harafin da ke nuna taurin fallen, kuma bai kamata a biya kuɗi ba a tambaye shi ba. Harafin O yana nufin mai laushi sarai, H14 matsakaici ne, H18 kuwa mai tauri sosai. A ganina 3003-H14 ne ya fi dacewa da yawancin bodin, domin yana lanƙwasuwa a tsakanin katako biyu, sannan yana riƙe siffarsa bayan an ɗaura shi. Idan mai sayarwa bai san lambar kayansa ba, a nemi guntu a ninke shi da filaya: in bayan ninkin ya fito sumul, za a iya aiki da shi, in kuwa ya yi zane-zanen tsaga, a bar shi.

Kauri lissafi ne mai sauƙi. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 2.7, alhali ƙarfe mai wannan girman ya kusa kilo 8. Milimita 1 zuwa 1.2 ya ishi gefuna da hanci. Abin da ya gaza milimita 0.8 yana kaɗawa yana ƙara, yana kuma yagewa a ramin rifit, wato ƙusar nan da ake matsewa ta haɗa falle biyu. Daɓen da ƙafa za ta taka yana son milimita 1.5 zuwa 2, kuma a nan ne 5052 yake da amfani, tunda ba a buƙatar sarrafa shi sosai.

Kafin a yanke shawarar falle nawa za a saya, a fitar da bodin gaba ɗaya da kwali a manna shi a jikin motar da salatif. Kwali yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya ne kawai, don haka duk siffar da ya yarda ya ɗauka, alminiyom ma zai ɗauke ta idan aka naɗa shi a jikin bututu mai kauri ko aka matse shi tsakanin katako biyu aka bi shi da gudumar itace. Inda kwalin ya tattare ya ƙi kwanciya, kamar hanci mai siffar ƙoƙo, wurin yana buƙatar a miƙar da ƙarfen da bugu a kan buhun yashi ko kututturen da aka rarake. Ana iya yin hakan, amma kowane bugu yana ƙara wa alminiyom tauri, sai an riƙa dumama shi yana sake laushi. Hatsarin shi ne ba ya yin ja kamar ƙarfe, yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da gargaɗi ba. Dabarar da aka saba ita ce a goga masa sabulu, a dumama da wutar gas har sabulun ya yi baƙi, abin da ke faruwa a kusan digiri 400, sai a ɗauke wutar. Mai son irin wannan hanci ya sayi ƙaramin falle mai harafin O dominsa kawai. Ni dai na fi son a raba hancin gida uku ko huɗu masu lanƙwasa ɗaya-ɗaya a haɗa su, domin aikin farko ya fi fitowa da tsabta ta haka.

Kayan aikin da ya cancanci kuɗi bai da yawa. Almakashin yankan kwano yana zuwa da launi uku a mariƙinsa: ja na yankan hagu, kore na dama, rawaya na miƙe, kuma ja da kore sun wadatar. Gudumar ƙarfe tana barin tabo a duk inda ta sauka, don haka ta itace ko ta roba ce ake so. A zana layin lanƙwasa da alƙalamin maka, kada a karce shi da ƙusa, domin karcen nan ne tsaga take bi. Duk bakin da direba zai iya gogawa a ninke shi ciki kamar kalmasar riga. Hakan yana kashe kaifin, yana kuma ƙara wa fallen ƙarfi.

Waldar alminiyom siriri tana son injin da ba kowa ke da shi ba, saboda haka rifit ne mafita. Mai milimita 3.2 yana shiga ramin milimita 3.3, kuma ramin ya yi nesa da baki da aƙalla ninki biyu na kaurin rifit ɗin. Sassan da za a riƙa cirewa don duba inji ko sarƙa a ɗaura su da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Inda alminiyom zai kwanta a kan ƙashin ƙarfe, a sa fenti ko siririn roba a tsakani, domin in danshi ya shiga tsakanin ƙarafan biyu, alminiyom ne yake fara cinyewa.