Kujerar bayan gida ga mai ciwon gwiwa: a auna kafin a biya kuɗi

Mai sanyin ƙashi yana iya rage zuwa kasuwa, yana iya yin sallah a zaune, amma shiga bayi ba a aika wani. Sau huɗu, sau biyar a yini sai ya tsuguna, sai kuma ya miƙe, a wurin da babu mai kama masa hannu. A yawancin gidajenmu na Zariya, a cikin Birni, Tudun Wada da Tudun Jukun, ko dai masai ne ko kwanon tsuguno. Shi ya sa muke ganin kujerar bayan gida, wadda ake samu a shagunan kayan asibiti da manyan kemis na Sabon Gari da PZ, tana cikin kayan da suka fi amfanar mai wannan ciwo. Ta cancanci kuɗinta. Sai dai da yawa ana saye a jingine ta bayan ɗaki, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, an saya ba a auna ba.

A gwiwar da guringuntsinta ya zaizaye, tsuguno shi ne aiki mafi nauyi. Idan mutum yana tafiya a fili, nauyin da ke danna ƙoƙon gwiwa a kan ƙashin cinya bai wuce rabin nauyin jikinsa ba. A hawan bene yakan kai ninki uku. A cikakken tsuguno kuwa yana kaiwa wajen ninki bakwai, wato mai kilo 70 yana ɗora wa wannan ɗan wurin kusan kilo 500. Daga nan ake jin ƙarar nan kamar ana taka tsakuwa, daga nan kumburin yamma yake fitowa. Kujerar ba ta mayar da guringuntsi, aikinta ta cire wannan lodin daga cikin yinin mutum.

Iri uku aka fi gani a shago. Akwai ƙarama mai naɗewa, ƙafafunta a giciye, babu hannu, babu majingini. Ita ce mafi araha, kuma ita ce ba mu ba da shawarar a saya wa tsoho ba. Gajera ce, ba a ƙara mata tsawo, kuma idan mutum ya karkata gefe ɗaya don yin tsarki tana iya bin sa. Ta yi wa matafiyi mai sauran ƙarfi, shi ke nan. Akwai mai taya, wannan ta wanda ba ya iya takawa ce, kuma a kan simintin da ba shi da daidaito wahala take ƙarawa. Ta ukun ita ce abin saye: mai ƙafa huɗu da ake ɗagawa a sauke, da hannu biyu, da majingini, da bokiti mai marfi a ƙarƙashi. Ana yin ta da ƙarfe mai fenti ko da alminiyam. Ta alminiyam ta fi tsada, amma ba ta tsatsa kuma ba ta da nauyi, don haka idan a cikin bayi za ta zauna inda ruwa ke taɓa ta kullum, ita ce mai arahar a ƙarshe.

Tsawo shi ne komai. Kafin a fita daga gida, mai ciwon ya tsaya sanye da silifas ɗin da yake shiga bayi da shi, a ɗauki tef irin na tela a auna daga ƙasa zuwa layin da ke bayan gwiwarsa. A ƙara santimita 5 a kai, wato inci 2. Wannan shi ne tsawon mazaunin da ake nema. Ga mafi yawan manya yakan faɗa tsakanin santimita 43 da 48. Alamar an dace ita ce idan ya zauna, ƙugunsa ya ɗan fi gwiwarsa tudu, tafin ƙafarsa kuma duka biyun a shimfiɗe a ƙasa. Idan kujerar ta yi ƙasa, an sayi tsuguno ne da kuɗi. Idan ta yi sama har ƙafa tana lilo, gefen mazaunin zai danne jijiyoyin bayan cinya, ƙafa ta yi sanyi ta mutu, mutum ya tashi ya faɗi. Ƙafafun suna da ramuka a jere, tsakanin kowane biyu kusan santimita 2.5, da ɗan maɓallin ƙarfe da ke fitowa ta ramin. A ƙirga ramukan a kowace ƙafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙafa uku a rami na huɗu, ɗaya a na uku, sai a ce kujerar ce ba ta da kyau.

A cikin shagon ma akwai abin dubawa, kuma kada a ji nauyin mai shago. A karanta iyakar nauyin da aka rubuta a kwali ko a jikin ƙarfen. Da yawa daga cikin masu araha kilo 100 ne, masu ƙarfi sukan kai 136. A bar tazarar kilo 15 zuwa 20 sama da nauyin mai ita, domin mai ciwon gwiwa ba ya zama a hankali, sakin jiki yake yi a ƙarshen zaman. A auna faɗin da ke tsakanin hannu biyun, yawanci wajen santimita 45 ne, kuma ga Hajiya mai jiki da zani biyu wannan yana iya matsewa. A danna kowane maɓalli a ga ya fito sosai, ya yi ƙas. A dafa hannu ɗaya da ƙarfi a girgiza. Sannan a kifa kujerar a duba robar da ke ƙarƙashin ƙafafu: mai kauri, mai taushi, mai zane ake so. Idan roba ce mai tauri kamar murfin jarka, za ta zame a kan tayil mai ruwa. A tambaya tun a nan ko suna sayar da robar daban, don ita ce ke fara ci, kuma da zarar ƙarfe ya huda ta, kujerar ta zama haɗari.

Sai wurin da za a ajiye ta. Nan ne gidajenmu suka bambanta da gidajen da aka ƙera kujerar dominsu. A kan kwanon tsuguno, ƙafafu huɗun su sauka a kan siminti a wajen kwanon, kada ɗaya ta hau kan tangaran ɗin, zai tsage. A auna faɗin kwanon da tef tun daga gida a gwada da faɗin ƙafafun. A masai kuwa a fara duba daɓen. Tsohon masai na ƙasa da aka rufe da azara, musamman bayan ruwan Agusta, ba wurin ɗora nauyin mutum a kan ƙafa huɗu sirara ba ne. Idan daɓen yana motsi ko ya tsage, a yi amfani da bokiti a wuri mai ƙwari har a gyara. Idan simintin yana da ƙwari amma ya karkata, a kira birkila ya daidaita wurin. Kada a cusa dutse ko katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ranar da ya goce babu mai tarewa. Wasu kujerun suna zuwa da wani mazurari kamar bokiti marar gindi, wanda ke kai komai cikin rami ba tare da fantsama ba. Idan babu, a sayi bokiti na biyu daidai da nata a yanke gindinsa.

Maganar tsarki ita ce ta fi damun mutanenmu, kuma da gaskiyarsu. Mazauni mai buɗaɗɗen gaba ya fi rufaffen zobe sauƙi, hannu da ruwa suna shiga ba sai an ɗaga jiki ba. A tattare riga ko zani sama sosai kafin a zauna. Wanda ciwon ya kama masa yatsu da wuyan hannu, irin amosanin da ke sa gaɓoɓi su sandare fiye da awa guda da safe, buta cike ta yi masa nauyi, don lita 2 kilo 2 ce. A ba shi ƙarama, ko a cika rabi a ajiye ta a kan ɗan benci daidai hannunsa, ba a ƙasa ba. Idan da bokiti ake amfani da dare, a zuba ruwa kamar kaurin yatsu uku a ciki tun farko, wanki ya fi sauƙi, wari ya ragu. Bayan an zubar a wanke da omo, sannan a jiƙa da bilic irin su Hypo ko Jik, awo 1 a ruwa awo 6, minti 10, a ɗauraye. Kada a haɗa bilic da Harpic ko wani maganin wanke kwanon bayi, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. Bilic kuma yana cin ƙarfe, a goge ƙafafun su bushe.

Zama da tashi ma akwai yadda ake yi. A ja da baya har bayan ƙafa ya taɓa kujerar, a miƙar da ƙafar da ta fi ciwo gaba kaɗan, a kama hannu biyun, a sauka. Wajen tashi a matso bakin mazauni, a jawo ƙafa mai lafiya ƙarƙashin jiki, a sunkuyo gaba, a tura da hannu biyu lokaci guda. Dafa hannu ɗaya kawai shi ke kifar da ita. Kada a ja ƙofa ko famfo.

Tana da aibobinta. Wanda ya shekara sittin yana tsuguno zai ji cikinsa ya ƙi sakewa a makon farko, domin tsuguno yana miƙar da hanyar bayan gida fiye da zama. Sunkuyowa gaba da ɗora gwiwar hannu a cinya yana taimakawa, haka ƙara ruwa, zogale, kuka da gwanda. Idan yana shan tramadol ko kodin, su ma suna ɗaure ciki, a faɗa wa likita. A hunturu robar mazaunin takan yi sanyi ƙarara da asuba, ruwan ɗumi kaɗan a kai kafin zama ya wadatar. Babban aibin kuwa daga ’yan gida yake fitowa: saboda tausayi sai a kafa kujerar a gefen gado dare da rana. Tsoho ya daina takawa, tsokar cinyarsa ta narke, gwiwar ta rasa mai riƙe ta, ciwon ya ƙaru. Da rana kujerar ta zauna a bayi, ya taka ya je. Gefen gado na dare ne, lokacin da duhu da santsi suka fi haɗari. A haɗa da motsa cinya, a tashi a zauna daga kujerar falo mai tudu sau 10, safe da yamma. Sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika ne wurin da za a nuna wa mutum atisayen da ya dace da gwiwarsa. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta jiran gobe, asibiti za a nufa a ranar.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne iyayen da ke rage shan ruwa da cin abinci don kada su shiga bayi, ba su faɗa wa kowa ba. Tsoho mai ƙarancin ruwa a jiki, yana kuma shan diclofenac ko ibuprofen kullum, ƙodarsa ce ke biyan bashin. Idan Baba ya ce shi ba majinyaci ba ne da za a kawo masa fo, kada a yi gardama a gaban jikoki. A cire bokitin, a kafa kujerar a kan ramin, a ce, “Baba, ga abin dafawa nan an sa, a gwada a gani.” Inna kuma ’yarta ko surukarta ta nuna mata, su biyu.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya zuwa wurin mai walda, amma ya tafi da awo a rubuce, domin ta walda ba a ƙara mata tsawo bayan an gama. A yi ta da bututu mai kauri, ƙafafun su ɗan buɗe waje daga ƙasa, hannuwan su yi sama da mazauni da kamar santimita 20, a ɗaura mata mazaunin roba na masai irin na zamani, a goge duk wani kaifi, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin sama, a kuma sa wa kowace ƙafa roba kafin a shigar da ita bayi.