Ciyawar da ke hana sayar da gida a Ingila

Yaya, gaisuwa mai yawa, a gaida Umma da yara. Ka tambayi yadda aikin gyaran lambun da nake yi a Birmingham yake. Lafiya lau, sai dai akwai wata ciyawa da maigidana ya hana ni taɓawa ko da wasa, suna ce mata notwid ta Japan. Karan ciyawar gaɓa-gaɓa ne irin na gora, da ɗigon ja-ja, kuma kafin zafi ya wuce ta fi mutum tsayi. Turawa da hannunsu suka kawo ta don ado a ƙarni na 19.

In ta fito a gidanka ba ka yi laifi ba. Laifin shi ne ka dasa ta ko ka sa ta bazu a daji, dokar 1981 ta hana. Dokar muhalli ta 1990 kuma ta sa ita da ƙasar da saiwarta ta shiga cikin sharar da ake sa wa ido. Ba a zuba ta a kwandon shara, sai mai lasisin kwashe shara ya kai ta juji mai izini. In binnewa za a yi, ramin sai ya kai mita 5. Ɗan guntun saiwa kamar farce ya isa ta sake tashi, shi ya sa feshin maganin ma kan ɗauki shekara uku.

Inda abin ya fi zafi wajen cinikin gida ne. Takardar da mai sayarwa ke cikewa tana da tambaya a kanta, banki kuma kan ƙi ba mai saye rance sai ya ga shaidar kamfanin da ke yaƙarta. Aikin kamfanonin nan da tsabta, amma kuɗinsu kan kai dubban fam, har da na takardar garanti.

Mu a Zariya yaro za ka kira da adda, ya sare, ya watsa a kwata ko bakin Kubanni, ba mai tambaya. Arahar tana ba ni kewa, gaskiya. Amma ka san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja da Nguru, masunta da manoma suna ji a jikinsu.

Wuta-wutar gonar Shika fa, ta sake fitowa bana? Ka leƙa cibiyar binciken noma ta Samaru ka tambayi irin masara mai jure mata, zan turo kuɗin.