Zaɓen asibitin tiyata: kwana nawa a gado, mutum nawa ke dawowa?

Idan likita ya ce sai an yi aiki, iyali kan tambayi kuɗi, sannan kwanakin da za a yi a gado. Tambaya ta uku ta fi nauyi: cikin waɗanda aka sallama, mutum nawa aka sake kwantarwa kafin kwana 30? Wannan wa'adin ne ma'aunin da aka saba amfani da shi. A Amurka, tun 2012 ana rage wa asibiti kuɗin inshorar gwamnati idan masu dawowa sun yi yawa a wasu cututtuka.

Idan za a kwatanta asibitoci, a kwatanta aiki iri ɗaya. Cire matsarmama ta ƙananan huji da kyamara, ana sallama ranar ko washegari. Idan buɗe ciki aka yi, kwana 3 zuwa 5 ne. Na farko yakan fi tsada kuma yana buƙatar ƙwararren hannu, don haka a tambayi likitan sau nawa yake yinsa a wata.

Saurin sallama kashi biyu ne. Akwai wanda tsari ya kawo: an tashi majinyaci ya taka ranar aikin ko washegari, an ba shi abinci da wuri, an cire robar fitsari, ciwo ya lafa da ƙwayoyin sha. Akwai kuma na ƙarancin gado, kuma shi ne abin tsoro, domin ruɓewar ɗinki takan bayyana ne tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin mutum yana gida. Doguwar kwanciya ita ma ba riba ba ce: tana jawo daskarewar jini a ƙafa da ƙwayoyin cutar asibiti.

Alƙaluman ma sai an duba su da kyau. Asibitin koyarwa ne ke karɓar waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, don haka lissafinsa yakan fi muni. Wanda aka yi wa aiki a Kano ko Indiya ya koma garinsu, ɗinki ya yi ruwa ya nufi kemis, ba ya shiga lissafin kowa.

Mai nisan gida ya zaɓi asibitin da ke ba da takardar sallama mai bayani, ranar dawowa duba ɗinki, da lambar da za a kira ko da tsakar dare ne. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, mugunya, amai ba tsayawa, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, ba sa jiran ranar duba ɗinki.