Wata takwas da saka wa turbo bargon kare zafi

Wata takwas ke nan da na lulluɓe turbon motata da bargon kare zafi, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, tun da motar ta yi dogayen tafiye-tafiye da shi, ta kuma sha tsayuwa cikin cunkoso. Motar mai shan fetur ce, turbon nata kuma yana zaune a wani lungu, kusa da kwalbar man birki da wani damin wayoyin lantarki. Ranar da na taɓa robar da ke jikin wayoyin nan na ji ta bushe tana ɓarɓashi a hannuna, na kuma lura fentin cikin bonet ya ƙone a daidai saman turbon, ran nan na yanke shawarar neman magani.

Turbo rabi biyu ne a kan sanda guda. A rabi ɗaya hayaƙin da ke fitowa daga inji ne yake juya farfela, a ɗaya rabin kuma wata farfelar tana zuƙo iska, ta matse ta, ta tura wa inji. Sandar da ta haɗa su takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin injin fetur kuwa, idan ana taka totur sosai, yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya wuce. Kwanson ƙarfen nan mai siffar katantanwa da hayaƙin ke bi ta cikinsa yakan yi ja jawur idan mota ta daɗe tana hawa da kaya. Abin da ya sa maƙwabtansa ke shan wahala shi ne, hucin da ƙarfe ke fitarwa ba ya ƙaruwa daidai da zafinsa: idan zafin ya ninka sau biyu a ma'aunin Kelvin, wato ma'aunin zafi da ke fara ƙidaya daga iyakar sanyi, hucin ya ninka sau 16. Shi ya sa robar da ba ta ma taɓa turbon ba take gasuwa daga nesa.

Bargon da na saya an saƙa bayansa da zaren baƙin dutsen aman wuta, tsakiyarsa an cusa zaren silika, cikinsa kuma akwai raga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda ita ce ke kwanciya a jikin kwanson. Irin wannan launin ruwan ƙasa ne masu sayarwa ke kira taitaniyam, alhali sunan talla ne kawai. Ana yin bargunan ne bisa girman turbo, kamar T25, T3 ko T4, saboda haka sai mutum ya san nasa kafin ya saya. Ɗaura shi bai kai awa ɗaya ba, da sifirin biyu da 'yar waya. Dole inji ya huce sarai, kuma safar hannu wajibi ce, domin zaren yana shiga fata ya yi ƙaiƙayi. Wurin da na ɓata lokaci shi ne wajen hannun ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi: idan gefen bargon ya tokare shi, ƙofar ba za ta buɗe yadda ya kamata ba, matsin iska ya wuce kima, inji ya ji jiki. Rabin hayaƙi kaɗai ake lulluɓewa, ba a rufe tsakiya inda baƙin mai ke shiga, ba a kuma rufe rabin iska.

Tashin farko ya yi hayaƙi da wani wari mai ɗaci, har na tsaya a gefen hanya na buɗe bonet. Ashe ƙaron da aka haɗa zaren da shi ne ke ƙonewa. Bayan tafiya biyu ko uku warin ya ɓace.

Game da aikin da na saye shi dominsa, bargon ya cika alkawari. A da, bayan doguwar tafiya, ba na iya ajiye tafin hannuna a saman bonet a daidai wurin turbon. Yanzu ina iyawa. Sababbin wayoyin da na saka har yau robarsu da laushinta. Kwalbar man birki, wadda a da take ƙona yatsa, yanzu ɗumi kawai take yi, kuma wannan ne ya fi kwantar mini da hankali, domin man birki na DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 yana sabo, idan ya tsufa ya sha danshi yakan sauko zuwa wajen 155. A cikin cunkoso ma na lura zafin iskar da inji ke shaƙa, wanda nake karantawa a na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota, ba ya saurin hawa kamar da. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, kowane ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iskar da inji ke samu da kusan kashi 3 cikin 100, saboda haka kasalar nan da mota ke yi idan ta daɗe a tsaye ta ragu.

Batun ƙarin ƙarfi kuwa, wanda tallan ya fi kururutawa, ban ji shi ba. Hujjar da ake bayarwa tana da tushe, wato hayaƙin da ya riƙe zafinsa ya fi ƙarfin juya farfela, turbo ya kama da wuri. Mai yiwuwa na'urar awo ta nuna ɗan bambanci, amma ƙafata a kan totur ba ta shaida komai ba, kuma ba zan ba kowa shawarar sayen bargon don wannan dalili ba.

Zafin da bargon ya hana fita yana nan cikin ƙarfen, sauran kuma ya bi bututun salansa. Na gane haka ne lokacin da na ga bututun da ke ƙarƙashin turbon ya zama shi ne sabon abin da ke gasa makusanta, har sai da na naɗe shi da ƙyallen kare zafi shi ma. Mafi muhimmanci shi ne abin da ke faruwa bayan an kashe inji. Baƙin mai ya daina zagayawa, kwanson da ke cikin bargo kuma ba ya saurin hucewa, sai zafin ya riƙa tsiyaya ta sanda zuwa boris, inda ɗan man da ya rage zai iya ƙonewa ya zama gawayi ya toshe hanya. Turbon da ruwan lagireto ke ratsa tsakiyarsa ya fi jure wannan, nawa ma irinsa ne, duk da haka ba na kashe mota bayan tafiya mai zafi sai na bar ta a silo minti ɗaya ko biyu, kuma na koma amfani da baƙin mai na sintetik, wato wanda aka haɗa da sinadarai, mai jure zafi.

A wata na biyar na gamu da abin da ya fi ba ni tsoro. Gaskit ɗin murfin inji ya fara ɗigon mai, ɗigon kuma yana sauka a kan bargon. Zaren dutse ba ya kama wuta, amma yana tsotse mai kamar lagwani, mai a jikin ƙarfe mai wannan zafi kuwa gobara ce ke jira. Warin ƙonannen mai ne ya ankarar da ni. Na gyara gaskit ɗin, na jefar da bargon na sayi wani, domin wanda ya jiƙe da mai ba ya wankuwa. Da na cire shi na samu damar duba kwanson, ban ga tsaga ba, sai dai na fahimci cewa da akwai ta, da bargon ya ɓoye mini ita.

Wanda turbonsa ke zaune a matse kusa da wayoyi, tiyo ko man birki, kuma injinsa ba ya yoyo, zai ci moriyar wannan bargo. Motar da ta fito daga kamfani da garkuwar ƙarfe a kan turbonta, ba a kuma ƙara mata ƙarfi ba, ban ga abin da zai ƙara mata ba. Ni dai zan ci gaba da amfani da shi, kuma duk lokacin juyen mai nakan ɓalle sifirin ɗin, in ɗaga bargon, in duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kafin in mayar.