Tikiti ɗaya har gida ko tikiti biyu a rarrabe: amsa ga mai shirin tafiya hutun Disamba da iyali

Assalamu alaikum, Malam. Game da tambayarka ko ka sayi tikiti ɗaya mai yada zango a hanya, ko ka raba tafiyar gida biyu tsakanin kamfanoni daban domin rage kuɗi, amsata ita ce ka sayi tikiti ɗaya. Ka kuma saye shi daga kamfanin jirgin kai tsaye, ko da bambancin kuɗin ya yi maka nauyi a ranar biya. Na gwada duka biyun da iyalina tun da muka zauna a Ingila, saboda haka abin da na gani ne zan faɗa maka.

Shekarar da autarmu take goye, muka tashi mu biyar a makon da aka rufe makarantu, da akwatuna takwas da keken jaririya. Da asuba hazo ya lulluɓe filin jirgin, aka yi ta ɗaga lokacin tashi har muka yi kusan awa huɗu a zaune, kuma tun muna sama na san jirgi na biyu ya tafi ya bar mu. Na sauka gabana yana faɗuwa, ina lissafin kuɗin kwana da na sabon tikiti na mutum biyar a tsakiyar lokacin tsada. Da na isa kanta na miƙa takardunmu, sai ma'aikaciyar ta duba na'ura ta ce an riga an mayar da mu jirgin gobe da safe, kuma an ajiye mana kujeru a jere domin kada a raba yara da mahaifiyarsu. Ta ba mu takardar otal da ta abinci, ta nuna mana inda motar otal take tsayawa, ta sa aka fito mana da keken jaririya, sauran akwatunan kuwa suka kwana a hannunsu. Yara suka yi barci a kan gado, uwargida ta samu ruwan zafi ta yi wa jaririya wanka, washegari muka ci gaba da tafiya. Mun isa da jinkirin kwana ɗaya, kayanmu sun iso tare da mu, ban fitar da ko sisi ba. Har yau ina yi wa matar nan addu'a, duk da na san aikinta ta yi.

Abin da ya sa haka ta faru shi ne, tikiti ɗaya yarjejeniya ɗaya ce: kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ku zangon ƙarshe, kuma birnin da za ku canza jirgi, Istanbul ne ko Doha ko Alkahira ko Addis Ababa, tsarinsa ne shi ya zaɓa. Idan jirgin farko ya makara, nauyin gyara yana wuyansa. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 a kan haƙƙin fasinja, kuma Birtaniya ta riƙe irinta bayan ta fice daga Tarayyar. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasar, na kowane kamfani ne. Idan ka isa zangon ƙarshe da jinkirin awa uku ko fiye, kuma laifin kamfanin ne, akwai diyya ga kowane fasinja: fam 220 a gajeriyar tafiya, fam 350 a matsakaiciya, har zuwa fam 520 a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500. Jinkirin da ake aunawa shi ne na isa inda tikitin ya ƙare, ka ga ke nan minti arba'in da aka ɓata a jirgin farko, idan suka sa ka rasa na biyu, suna iya zama hujjar diyya. Mu ba mu samu diyya ba, domin hazo da dusar ƙanƙara ba a ɗora su a kan kamfani. Amma ciyarwa da masauki da sama maka wani jirgi suna nan a kansa ko da yanayi ne ya jawo, kuma a Disamba wannan ne ya fi muhimmanci, domin a hunturu ne aka fi samun irin wannan tsaiko, jiragen kuma cike suke maƙil.

Kaya ma haka ne. A tikiti ɗaya ana auna akwatunanka sau ɗaya, a manna musu lambar zangon ƙarshe, ba ka sake ganinsu sai can. Idan ɗaya ya ɓace ko ya lalace, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta tsara yadda za a biya ka, da sharaɗin ka rubuta ƙorafi cikin kwana 7 idan lalacewa ce, ko cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙo maka shi idan jinkiri ya yi. Ka cike takardar rahoto tun kafin ka bar wurin ɗaukar kaya, kada ka bari sai ka isa gida.

Tikiti biyu a rarrabe kuwa ya fi araha, wannan gaskiya ne, kuma yana iya yi wa mutum ɗaya mai jakar hannu wanda ba ya gaggawa. Na saye shi sau ɗaya da iyali, jirgin farko ya makara, aka rufe kanta muna kan layin shige da fice, na sayi sababbin tikiti a farashin ranar, ban sake ba.

Dalilin da ya sa bai dace da mai yara ba a fili yake. Kamfani na biyu bai san da na farko ba, a wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba. Dole ka fita ta wurin jami'an shige da fice, ka jira akwatuna, ka tura su zuwa wata kanta, wani lokaci a wani gini daban, a sake awo, a sake bincike, alhali galibin kamfanoni suna rufe karɓar kaya kimanin awa ɗaya kafin tashin jirgin doguwar tafiya. Fitar nan shiga ƙasa ce a wurin hukuma, don haka idan fasfonku yana buƙatar biza a can, sai kowa ya samu tasa, har jariri, kuma izinin zama na Birtaniya ba ya buɗe maka ƙofar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza guda. Kamfanonin araha kuma suna cajin kowane akwati daban, to mai akwatuna takwas masu kilo 23 ya lissafa ya ga abin da ya rage daga rangwamen. Abin da ya fi ciwo, wanda mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su, shi ne idan ka rasa zangon farko na tikitin zuwa da dawowa, yawancin kamfanoni suna soke sauran zangon gaba ɗaya, har da na dawowa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Ka haɗa wannan da kalandar makaranta. Hutun Kirsimeti a Ingila kusan mako biyu ne kacal, kuma tun watan Agusta na 2024 tarar ɗauke yaro daga makaranta ba tare da izini ba ta koma fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro idan an biya cikin kwana 21, ta zama fam 160 idan aka wuce haka. Ana fara duba batun tara ne idan rashin zuwan ya kai kwana biyar na karatu cikin mako goma. Iyalin da jirgin dawowarsu ya salwanta a farkon Janairu, lokacin da kujeru biyar a jirgi ɗaya suke wuyar samu, suna iya shiga wannan lissafi ba da niyya ba, ga kuma wurin aiki yana jira.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da dillalan tikiti da suke bullowa a Facebook da WhatsApp duk ƙarshen shekara da farashin da ya yi ƙasa da na kowa. Dabarar da aka fi yi ita ce a kama maka kujera ba tare da an biya ba, a turo maka takarda mai tambarin kamfani da lambar ajiya mai haruffa shida, ka duba a shafin kamfanin ka ga sunanka, ka tura kuɗi, bayan 'yan kwanaki ajiyar ta faɗi domin ba a taɓa yankan tikitin ba. Shaidar tikiti ita ce lamba mai alƙaluma 13, kuma kowane fasinja yana da tasa. Idan ku biyar ne kuma ba ka ga lambobi biyar ba, ba ka sayi biyar ba. Kada ka tura kuɗi zuwa asusun mutum, ka biya da katin bashi na banki, domin sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 yana ɗora wa bankin alhaki a kan sayayyar da ta haura fam 100 zuwa fam 30,000, kuma kariyar ta fi tabbata idan kamfanin jirgin ka biya kai tsaye. Idan dillali ya haɗa maka jirgi da otal, ka nemi takardar ATOL, wato shaidar tsarin Birtaniya mai kare kuɗin matafiyi idan dillalin ya durƙushe, a lokacin biya. Akwai kuma shafukan intanet da suke ɗinke tikiti biyu su nuna su kamar ɗaya, sai a ƙananan rubutu za ka ga cewa kai ne za ka ɗauki kayanka a hanya. Idan aka ba ka lambobin ajiya biyu, mai yiwuwa tikiti biyu ka saya.

Ka zaɓi tikiti ɗaya mai tazarar awa uku zuwa huɗu a wurin canjin jirgi, ka sa ranar dawowa ta zama aƙalla kwana biyu kafin a koma makaranta. Kafin ka biya, ka fito da fasfon yaran ka duba ranar ƙarewarsu ɗaya bayan ɗaya, domin na yara a Birtaniya shekara biyar kawai yake yi, kuma ƙasashe da dama suna so ya rage wata shida. Ka tabbatar an rubuta kowane suna a tikiti daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.