Kofin GRA da na teburin mai shayi: amsa ga Malam mai tambaya

Malam, daren jiya ka ce kai shekara da shekaru wajen mai shayin bakin layinku kake zama a haɗa maka Nescafé da madara, yanzu kuma abokan aikinka sun matsa maka lamba sai ka bi su shagunan kofi na Nasarawa GRA a Kano. Kana so ka san ko da gaske akwai bambanci, ko kuwa kuɗi kawai ake kai wa masu esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na ga mutum biyu sun amsa maka, ɗaya ya ce almubazzaranci ne, ɗayan ya ce lokaci ya yi da za ka waye. Babu wanda ya taɓa abin da ka tambaya a cikinsu. Ni ina zuwa duka biyun, don daga hunturun bara zuwa yau na shiga irin waɗannan shaguna guda biyar tsakanin Nasarawa, Bompai da titin gidan Zoo, kuma ban fasa zaman benci ba. Bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani.

Mu fara da abin da ke cikin kofin. Ka yi haƙuri da Hausar, da kalmar kofi muke kiran mazubin da abin shan duka, sai ka riƙa ganewa daga zancen.

Garin Nescafé da mai shayi yake ɗebo maka da cokali an riga an dafa shi tun a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari. Kamfanin Nestlé ya fito da shi a ƙasar Siwizalan a 1938, kuma amfaninsa shi ne sauri, ka zuba ruwan zafi ka sha. Yawancin irin wannan gari ana yin sa da nau'in da ake kira robusta, wanda ya fi ɗaci, kuma sinadarin hana barcin da ke cikinsa ya kusa ninka na ɗayan nau'in, wato arabika. To amma kai ba ɗacin kake ji ba. Ruwan da mai shayi yake zuba maka tun asuba yake kan wuta da citta da kanumfari, wani har da na'a-na'a. A ɗora madarar gwangwani, a ɗora sukari cokali uku, a sheƙa shi tsakanin kofuna biyu har ya yi kumfa. Abin da harshenka yake fara tarar da shi citta ce, sai zaƙi, sai maiƙon madara, kofin shi ne na ƙarshe a layi. Ban ce aibi ba ne. Da sanyin Janairu, bayan sallar asuba, babu abin da ya kama ƙafarsa. Amma shayi ne mai kauri da aka ɗiga wa kofi, gara mu kira shi da sunansa.

A shagon da ya san aikinsa kuwa, ƙwayar ce a ajiye, soyayyiya, ba a niƙa ta sai ka yi oda. A niƙa, a danne garin cikin wani ɗan ludayin ƙarfe, a ɗaura a inji, injin ya tura ruwan zafi ta cikinsa da ƙarfin da ya kai ninki 9 na nauyin iskar da ke kanmu. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 sai abin ya tsiyayo, baƙi wuluk, bai fi mililita 30 ba. Shi ne esfireso, kuma duk dogayen sunayen da za ka gani a takardar farashi a kansa aka gina su. A ƙara masa ruwan zafi ya zama amerikano. A ƙara madarar da aka dumama da tururi mai kumfa da yawa ya zama kafucino. Madarar ta fi yawa, kumfar ta ragu, ya zama latte. A sa cakulan ya zama moka, sunan da ya samo asali daga Mokha, tashar jirgin ruwan Yaman da a da ake fitar da kofi ta cikinta.

Ranar da na fara zuwa na duba takarda na zaɓi mafi araha, wato esfireso. Aka kawo mini wani ɗan finjali a kan faranti. Na zauna ina jiran a kawo sauran. Da na ga yaron ya koma ya ci gaba da danna wayarsa, na kurɓa, na ji kamar na tauna maɗaci. Kada ka maimaita wannan. Kai da bakinka ya saba da madara, latte ko kafucino za ka nema.

Sai dai fa ba duk shagon da ya kafa inji ne yake sayar da kofi ba, kuma a nan ne kuɗin mutane yake tafiya a banza. Cikin biyar ɗin da na shiga, biyu gidajen shawarma da gasasshiyar kaza ne, injin yana gefe an lulluɓe shi da tawul kamar keken ɗinkin amarya. A ɗaya daga ciki na nemi kafucino, ƙofar kicin ba ta rufu da kyau ba, da idona na hango yaron yana yaga ƙaramar ledar nan mai haɗin kofi da madara da sukari, wadda kowane mai kanti yake ratayewa. Ya zuba ruwan zafi, ya barbaɗa garin cakulan a sama, ya kawo mini da farashin GRA. Da mai shayinmu ne ya yi mini haka, aƙalla a gabana zai yaga ledar.

Gane na gaskiya ba wuya. Bayan ka yi oda ka kasa kunne, in ba ka ji ƙarar injin niƙa ba, to garin ya kwana, ko ma ya yi sati. In baƙi ka nema, ka duba samansa, ya kamata ka ga wata siririyar kumfa mai ruwan ƙasa ta rufe shi. In mai madara ne ka shinshina. Madara ba ta son ta wuce zafin digiri 65 ko kusa da haka, in aka ƙona ta zaƙinta yake gudu ta bar ƙauri, sai ka ga mutum yana ta loda sukari yana zaton kofin ne mai ɗaci. Sannan ka tambaya daga ina ƙwayar ta zo. A wani shago na yi wannan tambaya, mai haɗawar ya ɗauko ledar ya nuna mini, ta Habasha ce, har da ranar da aka soya ta a jiki, ya tsaya yana yi mini bayani kamar an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. A wani kuwa aka ce mini daga sito aka ɗauko. Wannan amsa kaɗai ta isa ta raba maka shagunan biyu.

Abin da yake ba ni takaici shi ne muna da namu. Ana noman arabika a tsaunin Mambila a jihar Taraba, wajen Gembu, ana kuma yi a tudun Jos. Cikin shaguna biyar babu inda aka ambata mini su. Kowa Habasha, Barazil, Kenya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a tsakiyar 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kuma kai mai sha kai kake biya. Kuɗin kafucino ɗaya zai yi maka shayi mai kauri da biredi da wainar ƙwai a bakin layinku, har a miƙo maka canji.

Ta fuskar kula da mutum kuwa, in gaya maka gaskiya mai shayi ya yi musu nisa. Kana tahowa ya hango ka ya fara haɗawa, ya san cokali nawa kake sha, ya san ba ka son albasa ta yi yawa a ƙwai. Ranar da aljihu ya bushe ya rubuta a littafi, ko ma ya riƙe a ka. In ka kwana biyu ba ka zo ba ya aiko yaro ya ji ko lafiya. Minti uku ya sallame ka, alhali yana soya indomin wani yana yanka biredin wani. Inda yake faɗuwa shi ne tsafta. Bokiti ɗaya ake ɗauraye kofuna tun safe har ruwan ya canja kala, ga ƙuda da rana, ga ƙurar mota da ta hunturu tana sauka kan komai. Mun saba ne kawai muke kau da kai.

A shago za a buɗe maka ƙofa, a kawo kofi mai tsafta da takardar goge baki. Amma sau biyu ina yin sallama da Hausa ana amsa mini da Turanci, a tsakiyar Kano, kuma wanda ya amsa ɗin na ji shi daga baya yana waya da Kananci tsantsa. Jira ma akwai shi. Na taɓa yin minti ashirin kafin kofi ɗaya ya iso, alhali mu uku ne a ɗakin. Ma'aikatan ba sa daɗewa, wanda ya haɗa maka mai daɗi wannan watan, wata mai zuwa ka tarar da sabuwar fuska tana koyo a kanka. Ka kuma duba rasit kafin ka tura kuɗi, don wasu sukan ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan farashin da ka gani a takarda, bashi kuwa ko a mafarki.

Yanzu ga inda nake ganin amsar tambayarka take. Abin da shagon nan yake sayar maka da tsada kujera ce, kofin rakiya ya yi. Ka tuna Afrilu a Kano, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta tun safe, wayarka saura kaɗan ta mutu, ga aikin da za ka tura kafin la'asar. A wannan rana ɗaki mai sanyi, da soket a gefen tebur, da intanet, da banɗaki mai ruwa, da tabbacin babu wanda zai ce ka matsa wani ya zauna, sun cancanci kuɗin. Za ka iya yin awa uku a kan kofi ɗaya. In kana da baƙo daga Abuja ko Legas da za ku yi maganar kuɗi, nan za ka kai shi, don a benci kafin ka gama faɗin farashi mutum huɗu sun sa baki, gobe kuma duk unguwa ta ji.

Shi kuma benci abin da yake ba ka ba ya cikin takardar farashin kowa. Rediyo tana rataye ana jin labaran safe, wannan yana kare Kano Pillars, wancan yana zagin alƙalin wasan jiya, a koma siyasa a yi kamar za a doku, a ƙare da dariya wani ya biya wa abokin musunsa. A nan za ka ji gidan da za a bayar haya, da wanda aka yi wa rasuwa, da inda ake neman direba. In an kira salla masallaci yana nan kusa, ka bar kofinka a rufe ka dawo ka same shi. A shago kowa ya sunkuya kan allonsa, ko kuma matasa suna ta ɗaukar kofin hoto har ya huce. Ɗaya daga cikin shagunan kiɗa ya yi masa yawa har sai da na fita waje na amsa waya. Wani kuma duk sanda aka koma janareta sai intanet ɗin ya ɗauke na ɗan lokaci. Wurin salla ma sai ka tambaya, wasu sun tanada, wasu sai dai a shimfiɗa maka darduma a lungu.

Akwai abin da mu maza muke mantawa in muna wannan musu. Teburin mai shayi namu ne mu kaɗai. Mace ba ta zama a benci, iyakarta ta aiki yaro da fulas. Hajiyoyin da ke cikinmu masu sayar da atamfa da turare ta waya, da ɗaliban BUK masu rubutun kammala karatu, su ba zaɓi biyu ne a gabansu ba. Shagon nan shi ne kusan wurin da mace za ta zauna da ƙawarta ko mai sayen kayanta a mutunce ba tare da an bi ta da ido ba. Duk wanda ya ce wuraren nan almubazzaranci ne zalla, da bakin mai benci yake magana.

Kada kuma a ɗauka shan kofi baƙon abu ne da GRA ta kawo mana. Kalmar gahawa ta daɗe a bakinmu, daga Larabci ta zo, kuma birnin da yake da unguwannin Alfindiki da Dandalin Turawa, inda fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas, garuruwan Libiya, suka zauna, ba yau ya fara ganin finjali ba. Alhazai ma suna dawowa da irin ta Saudiyya, wadda ba a soya ƙwayarta ta yi baƙi, ruwanta fatsi-fatsi, ba sukari, dabino ne abokin tafiyarta. In ka samu gidan da ake dafa ta da kyau, ni a wurina ta fi kafucinon shaguna uku cikin biyar ɗin nan, kuma kyauta za a ba ka.

Don haka ka bi abokan naka sau ɗaya, amma kai ka zaɓi lokaci. Ranar aiki da hantsi, kafin cunkoson yamma da na ƙarshen mako, lokacin mai haɗawar yana da sukunin tsayawa a kan kofinka. Ka nemi latte, ka ce kada a sa sukari, a kawo maka shi daban. Ka kurɓa sau biyu haka nan kafin ka zuba, don ka san abin da ka biya. In ka shiga da yunwa ka ci wani abu tun daga gida, ɗan kek ɗinsu ba ya tare komai. Kada kuma ka sha bayan magariba, sinadarin yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jiki ba, za ka kwana kana ƙirga rufin ɗaki. In ka dawo ka faɗa mana ko ka ji ƙarar injin niƙan.