Wasiƙa daga Tokyo: kafin in sayo maka kyamarar

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da mutanen gida kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga jerin kayan da kake so in duba maka. Zan duba, amma ina ganin jerin ya yi tsawo, kuma bari ka ji dalili.

Ka san Canon, Nikon, Sony, Fujifilm, Panasonic da Ricoh duk kamfanonin Japan ne, don haka nan ne tushen abin. A unguwar Shinjuku, yamma da tashar jirgin ƙasa, akwai Yodobashi Camera da Map Camera, ƙafa ma ta isa kai ka daga wannan zuwa wancan. A manyan shagunan, kyamarori suna jere a kan tebur, a kunne, kowace da 'yar igiyarta. Ka ɗauka, ka kara a ido, ka danna, ka ji nauyinta a hannu, ba mai tsare ka da tambayar ko za ka saya. Mu kuwa mun saba a miƙo mana kwali a rufe, sai an je gida a ga abin da aka sayo. Nan na gane cewa wata kyamarar da ake ta zuzutawa a intanet, yatsuna ba sa ma samun wurin zama a kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne kasuwar kayan hannu. Kowane kaya an ba shi daraja, wasu shagunan da haruffa kamar A, AB da B, sannan ga 'yar takarda a jikinsa mai bayyana aibinsa. Na ɗauki wani idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, takardarsa ta ce akwai ƙura kaɗan a ciki wadda ba ta taɓa hoto. Sai da mai shagon ya haska fitila ta bayansa kafin na hango ƙwayoyin. Wanda ya lalace kuwa ana ware shi a kwando daban, a rubuta cewa ba garanti. Wallahi wannan gaskiyar ta fi mini araha daɗi. Arahar ma akwai ta: tun da Sony ta fito da A7, kyamara marar madubi a cikinta, a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu masu babbar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya zama hoto) a 2018, mutane suke ta sauke tsofaffin masu madubi, alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai dai ba komai ne na nan zai dace da kai ba. Yawancin kyamarorin Sony da ake sayarwa don cikin gida, rubutun allonsu Japananci ne kawai, ba a canja shi. Garantin kamfani ma galibi iyakarsa Japan. Idan ta sami matsala a hannunka, wa zai gyara? Saboda haka zan zaɓi wadda batirinta da cajarta ba sa wuyar samu, wadda masu gyara suka saba buɗewa. Ka kuma san cewa damina a nan laima gare ta, funfuna tana kama gilashi ta ciki, shi ya sa masu ɗaukar hoto ke ajiye kayansu a akwati mai busar da iska. Duk idon da zan saya sai na haska shi tukuna.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ka rubuto idanu har kala-kala, da fitila, da ƙafa uku, amma ba ka gaya mini me kake son ɗauka ba. Daido Moriyama, mai ɗaukar hoto ɗan Japan wanda aka haifa a 1938, ya yi shekaru yana yawo a lungunan Shinjuku ɗin nan da 'yar ƙaramar kyamarar aljihu, hotunansa baƙi da fari, masu kaushi, wasu ma a karkace, kuma duniya ta san shi da su. Shi abin da yake nema ke nan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kai na lura da hotunan da kake turo mini da waya, fuskokin mutane ne suke jan ka, musamman tsofaffi in suna hira. To wannan ba ya buƙatar dogon zum. Ido ɗaya mai milimita 50 wanda ke buɗewa zuwa f/1.8, wato ya buɗe sosai haske ya shiga, ya ishe ka. A kan kyamara mai sensar APS-C, wadda ba ta kai babbar sensa girma ba, yana zama kamar milimita 75 ko 80, daidai ɗaukar fuska, baya ya narke, kuma yana jure ƙarancin haske. Da yake ba ya zum, ƙafarka ce za ta yi aikin: ka matsa, ka gaisa, ka nemi izini. Hoton da aka ɗauka bayan gaisuwa daban yake da wanda aka sato daga nesa.

Akwai kuma abin da tsadar kyamara ba ta magancewa. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da komai toka-toka ne. In mai duhun fata ya sa fararen kaya a rana, sai ta rage haske saboda farin, fuskar ta nutse. Ka kai shi inuwa, ka auna hasken a kan fuskar, ko ka ƙara shi da kanka kaɗan, ka kuma ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka sami abin gyarawa daga baya.

Ga abin da nake shirin yi: kyamara ta hannu mai daraja mai kyau, ido ɗaya, batir biyu, katin ajiya biyu, da ɗan famfon hura ƙura. Kafin in biya, zaɓo hotuna ashirin da ka fi so cikin naka ka turo mini, ka kuma faɗa mini ko ka fi ɗauka a ɗaki ne ko a waje. In a ɗaki ne, mai milimita 35 zan ɗauko maimakon 50.

Ka gaishe mini da su Inna.

Yayanka.